Asabar: mun fara haɗa dara a kwamfuta

Bayan azahar ɗan yayata ya iso daga Ƙofar Ƙaura da tsohuwar kwamfutarsa a jaka. Bana ya gama sakandare, kuma ba abin da ke ransa sai haɗa gem. "Kawu, irin na ƙwallon nan nake son yi, da fili da 'yan kallo." Ban kashe masa gwiwa ba, na dai faɗa masa gaskiya: irin waɗannan, kamfanoni ne masu ɗaruruwan ma'aikata ke yin su. Shi abin da yake buƙata yanzu ƙaramin gem ne da zai fara kuma ya gama.

Muka zauna zaɓen manhajar haɗa gem. Unreal sai kwamfuta mai ƙarfi, tasa ba za ta ɗauka ba. Unity na da kyau, amma sauke ta kaɗai zai cinye masa data mai yawa. Na sa masa Godot. Kyauta ce, ba nauyi, ana saukewa sai buɗewa. Wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake ta ga kowa a 2014, harshen da ake rubuta mata umarni da shi, GDScript, kuma ya yi kama da wani sanannen harshen kwamfuta mai suna Python, ba ya firgita sabon shiga. Akwai ma wadda ke aiki a wayar Android, ga ranar da aka ɗauke wuta. A shafinsu akwai darasin haɗa gem na farko daki-daki, na ce ya bi shi kafin ya faɗa YouTube.

Don bidiyon koyo yana da tarko. Yaro zai kwana yana kallo, ya ji kamar ya iya, a ba shi shafi fari ya rasa ta inda zai fara. Sharaɗina ɗaya ne: ya tsayar da bidiyo, ya rubuta da hannunsa, ya canza lamba ya ga abin da zai lalace, sannan ya gyara.

Da la'asar muka wuce dattawan da ke dara a gindin bedi, nan na ce masa ga aikinka. Ya yi dariya, ni kuwa da gaske nake. Gurbi 30, layi biyar na shida-shida, kowa da 'ya'ya 12. Ana gama zubawa sai tafiya gurbi ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasa. Duk abin da mai koyo ke buƙata yana ciki: yadda kwamfuta za ta riƙe abin da ke kowane gurbi, ta san juyin wa ne, ta duba jeri a tsaye da a kwance, ta hana tafiyar da doka ba ta yarda ba. Ba sai ya iya zane ba, da'ira mai kala biyu ta isa. Kuma yana da masu gwada masa a ƙofar gida, waɗanda ba za su bar kuskure ko ɗaya ya wuce ba. Ina jin ciwon yadda yaranmu suka haddace wasannin Japan da Amurka, namu kuma na ƙasa suna neman ɓacewa.

Kafin magariba allon ya fito, idan ya danna gurbi ɗa na zama. Wajen lissafin wuri ya ɗan rikice, don a Godot lambar y, mai nuna wuri daga sama zuwa ƙasa, ƙaruwa take idan ana yin ƙasa, saɓanin yadda ya saba a aji. Na ce ya riƙe darasin lissafi da na Turanci da kyau, don saƙon kuskure da Turanci yake zuwa.

Idan ya gama, a shafin itch.io kyauta ake ɗora gem, Play Store kuma sai an biya dala 25 sau ɗaya. A Janairu ana yin Global Game Jam, inda ake haɗa gem cikin awa 48, ina so ya shiga. Mun rabu a kan zai rubuta dokokin dara a takarda daga bakin dattawan nan, ya kawo mini ranar Laraba.