Walimar Hawai da muka yi a tsakar gida babu ko tsokar nama

Ƙanwata ce ta jawo maganar. Shekara uku ta yi tana karatu a Honolulu, babban birnin tsibiran Hawai na Amurka, ta dawo mana ta daina cin nama da kifi da ƙwai, ko madara bata sha, kullum in an sauke girki sai ka ganta gefe da ɗan kwanonta na wake, abun yana taɓa min zuciya wallahi. Da aka tashi yi mata walimar dawowa nace Auta wannan karon abincinki kowa zai ci, ke dai faɗa min yanda suke yi a can. Tace toh Yaya luau zamu yi, wato walimar mutanen Hawai, amma da sharaɗi, babu leda, babu robar tekawe, babu kofin da za a sha a yar.

Ni duk a zatona abarba ce abincin Hawai, ashe baƙuwa ce a can, daga Kudancin Amurka aka kai ta. Gwaza ce uwar abincinsu, gwazar nan dai tamu da muke dafawa mu ci da ƙuli, su kalo suke ce mata, kuma sunan luau ɗin ma asalinsa sunan ɗanyen ganyenta ne. Ta bani labarin cewa a da maza da mata basa cin abinci waje ɗaya a tsibiran, har an hana mata cin kwakwa da yawancin ayaba, sai a 1819 sarki Kamehameha na biyu ya zauna ya ci tare da mata a gaban jama'a dokar ta faɗi. Tunda naji haka hankalina ya kwanta, nasan in na riƙe gwaza na riƙe walimar.

Mutum 24 muka gayyata. Ana jibi muka dafa gwaza muka kirɓa a turmi muna yayyafa ruwa har ta yi laushi tana danƙo, shine poi, ba gishiri ba komai, da yatsa ake lakata. In ya kwana biyu yana ɗan tsami kaman fura ta kwana, wasu sun so wasu sun taɓa sau ɗaya sun bari, kuma ban ga laifinsu ba. Abun da ya burge ni shine al'adar da ke tare da shi, suna ɗaukar gwaza a matsayin babban wansu, dan haka muddin kwanon poi na buɗe ba a musu ba a faɗa a wajen. Na faɗa wa mutane tun kafin a buɗe ƙwaryar, har kawunmu da baya zama ba a taɓa siyasa ba ranar ya haƙura.

Inda na sha wuya laulau ne. A can nama da kifi suke ƙunsawa cikin ganyen gwaza su naɗe da wani ganye da suke kira ti, mu sai muka zuba dankalin Hausa da laimar kwaɗi, wato mashrum, da albasa da madarar kwakwa, muka naɗe da ganyen ayaba kaman za a yi alala. Allah ya taimake ni na gwada tun ana gobe, na turara minti arba'in na ga ganyen ya yi laushi na kai baki, kai, maƙogwarona kaman an zuba min ƙaiƙayi, nafi awa ɗaya ina kurɓar ruwa. Ganyen gwaza yana da wasu ƙananan ƙwayoyi masu tsini kaman allura, laushi kaɗai baya nuna ya dahu, sai wuta ta daɗe a kansa. Washegari na cire jijiyar bayan kowane ganye na bar shi awa huɗu, ya fito baƙi-baƙi yana narkewa a baki, shi aka fara cinyewa. Dan Allah duk wadda zata yi ta ɗanɗana da kanta kafin ta ba yaro.

Mun haƙa rami a bayan gida irin murhunsu na ƙasa da suke kira imu, aka hura itace kan duwatsu har suka yi zafi, aka shimfiɗa ɓawon kututturen ayaba da ganye, muka jera dankali da kabewa da gwaza, aka rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara sannan ƙasa. Kar a ɗauko dutse daga rafi, ruwan da ya sha yana sa shi fashewa a wuta. Dankalin nan ƙamshin hayaƙi ya shige shi har ciki, maza sun ci babu wanda ya tambayi nama sai mutum ɗaya.

Awara muka yanka ƙanana muka jiƙa da miyar soya da man riɗi da albasa mai lawashi a madadin haɗin ɗanyen kifin da suke kira poke. Haupia kuma madarar kwakwa ce da suga da sitacin masara, a dama a wuta ya yi kauri a zuba a tire, aka ɗauke wuta da dare bai daskare yanda ake yanka shi ba sai da cokali muka sha, da na sani da na ƙara sitacin.

Kayan ado kam na ga na roba a kasuwa, sarƙar fure da siket na ciyawa duk leda, na wuce su. Yara muka sa suka tsinto furen plumeria da ya zubo a gidan maƙwabta, fari mai ɗorawa a tsakiya, suka shirya da zare da allura, Auta ta rataya wa Hajiya nata ta rungume ta, Hajiya tana ta share hawaye. Tabarmi muka shimfiɗa, ganyen ayaba ne faranti, zoɓo da abarba a randa, kofunan silba na aro wajen maƙwabta. Wanke-wanken kofi ya kai mu sha ɗayan dare, wannan aikin ya kamata a raba shi tun kafin baƙi su zo.

Da safe muka tattara ganye da ɓawo muka zuba a ramin muka rufe, sharar da ta fita ƙofar gida bata cika bokiti ɗaya ba. Kawunan gwazar da muka yanke da ɗan karansu Auta ta dasa su gefen ramin inda ruwan famfo ke gangarawa, yau sati uku, biyar sun fito da ganye.