Ranar da amfilifayar Baba ta yi ƙauri

Amfilifayar da na gada wajen mahaifina ta fi shekara ashirin tana aiki, sai a hannuna ta ƙone. Wata Juma'a bayan la'asar aka kawo wuta, kwan falo ya yi wani irin haske har yana kashe ido, fanka ta kama gudu kamar za ta tsinke. Kafin in kai ga soket, ƙauri ya riga ni.

Abin da ya fi ba ni haushi, a jikin sitabilaiza take. Na kinkime su duka biyun zuwa wajen mai gyarana a Sabon Gari, ina ta mita. Ya buɗe, ya sunsuna, ya ce, "Malam, wayar nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ita ce ta tsinke a layinku. Ƙarfin wutar gida volt 230 ne, amma in wannan wayar ta rabu, sai ta doshi 400. Sitabilaiza ba ta da wannan ƙarfin."

A nan na gane na ɗora wa jaki kayan raƙumi. Aikin sitabilaiza ta ɗaga wuta in ta yi ƙasa, ta rage in ta ɗan hau, shi ne ƙas-ƙas ɗin nan da kake ji tana yi. Bugun da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, irin na tsawa, wannan aikin soket mai kariya ne. A cikinsa akwai wani ɗan faifai kamar kwabo, MOV, mai karkatar da rarar wutar. Kowane bugu yana cin ƙarfinsa, wata rana ya mutu shiru, soket na ci gaba da ba da wuta kai kuwa kana zaton kana da mai gadi. Kuma yana son wayar ƙasa ta gaskiya, wato wadda ke kai rarar wuta cikin ƙasa. Da muka kwance soket ɗin falona, ramin sama, inda wayar ƙasa ke shiga, fanko ne, ko waya babu.

Yanzu na sa ƙaramar na'urar da ke yanke wuta in ta wuce kima, ta jira ɗan lokaci kafin ta saki. Amfilifaya ita nake kunnawa ƙarshe, ita nake fara kashewa, saboda lasifika. Da hadari ya haɗo kuwa, fulogi da wayar eriya duk zarewa nake yi, uwargida na yi mini dariya.

Taransifomar ciki an sake naɗa ta. Tana aiki, amma kunnena na gaya mini muryar ba irin ta lokacin Baba ba ce.