Kaza mai sanyin hali

Yau a kasuwar kaji wani yaro ya zura hannu cikin keji, na gida duk suka watse, wata Brahma, irin manyan kajin nan masu gashi a ƙafa, ta tsaya har ya shafa bayanta. Nan take uban ya fara ciniki. Haƙuri dai tana da shi, amma zafin bazara na wahalar da ita, gashin ƙafarta kuma na kwasar caɓi da damina. Sai da inuwa, busasshen akurki da sandar kwana ƙasa-ƙasa saboda nauyinta.

A tsakar gida mai yara na fi yarda da kazar Noiler, wadda aka samar ta hanyar haɗa iri: ba ta da faɗa, ga nama ga ƙwai, sai dai ba ta cika kwanci ba. Zakara ɗaya ya ishi kaji goma, in sun yi biyu rikici ne. Ina ma uban ya tambayi wannan kafin kuɗi.