Gida ɗaya tukuna: atisayen jerin kod na fiyanon gosfel a E♭

Mai ba da waƙa a coci ba ya neman izinin kowa kafin ya ɗaga murya. Inda maƙogwaronsa ya kama, nan zai fara, wanda ke gaban kibod kuma ya bi shi cikin 'yan daƙiƙu. A nan ake bambance wanda ya haddace waƙoƙi da wanda ya san gida. Gida nake nufi da abin da makaɗa ke kira kiy: sauti bakwai da suka taru a kan sauti guda, wanda in an sauka kansa kunne ya ji an iso. Gidajen mejo goma sha biyu ne, sabon ɗalibi kuma yakan so ya leƙa su duka a mako ɗaya. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma sha biyu. Gara a zauna a gida ɗaya mako biyu ko uku, har hannu ya daina tambayar ido hanya.

E♭ ya dace da wannan zama. Tsaninsa shi ne E♭, F, G, A♭, B♭, C, D. A ba kowanne lamba: E♭ ne 1, F ne 2, har zuwa D da ke 7. Wanda ya tashi a ƙungiyar mawaƙan coci a Jos ko Kaduna ya riga ya san wannan da sunan do, re, mi, fa, so, la, ti, domin solfar da mishan suka kawo daga Ingila aikinta ke nan. Lambobin da makaɗan birnin Nashville na Amurka suka yaɗa tun ƙarshen shekarun 1950 suna ne kawai suka sake mata. Amfanin lamba shi ne ba ta ƙaura. 2-5-1 sunansa 2-5-1 a kowane gida.

Akwai wani dalilin zaɓen E♭. Baƙaƙen maɓallan fiyano biyar, in aka faro su daga E♭, su ne E♭, G♭, A♭, B♭, D♭, wato ainihin sautukan da ke ba kiɗa ɗanɗanon bulus (blues), wani salon kiɗan baƙaƙen fatan Amurka. Gosfel kuwa daga nan ya samo gishirinsa: Thomas Dorsey, wanda ya kafa salon a cocin baƙaƙen fata na Shikago a shekarun 1930, makaɗin bulus ne kafin ya koma kiɗan coci. A E♭, yatsa ɗaya zai zame daga G♭ ya faɗa G ba tare da wahala ba, tun da daga baƙi zuwa fari gangara ce. A gidan D kuwa wannan zamiyar daga F take hawa zuwa F♯, sai an sa yatsu biyu.

Hawan tsanin da hannun dama: yatsan tsakiya a E♭, babban yatsa a F, manuni a G, na tsakiya a A♭, na zobe a B♭, babban yatsa ya kutsa ta ƙasa ya kama C, manuni a D, na tsakiya ya rufe a E♭. Minti biyar ya isa.

Jeri na farko shi ne 1-4-5-1, wato kod (sautukan da ake bugawa tare) na 1, sai na 4, sai na 5, a koma na 1, kuma a nan ake ɗaukar mugun halin da ke bin mutum shekaru. Ɗalibi ya koyi cewa kod na 1 shi ne E♭ G B♭, na 4 A♭ C E♭, na 5 B♭ D F, sai ya riƙa ɗauke hannu gaba ɗaya yana tsalle da shi. Kiɗan ya fito a yanke, idonsa kuma ba ya barin maɓallai. Maganin shi ne juya kod. Hannun dama ya zauna kusa da C na tsakiya, ya kama G B♭ E♭. Zuwa 4, E♭ na sama ba ya motsi, sauran biyun su ɗan matsa: A♭ C E♭. Zuwa 5, F B♭ D. A koma G B♭ E♭. Hannun bai yi tafiyar da ta kai taƙi ɗaya ba. Hagu kuwa tushen, wato sautin da aka gina kod a kansa, kawai zai bayar: E♭, A♭, B♭, E♭. Ƙa'idar da za ta bi duk sauran jerin ke nan: sautin da kod biyu suka yi tarayya a kansa a bar shi inda yake, wanda dole ya motsa ya je maƙwabcinsa mafi kusa.

Daga nan sai 2-5-1, wanda shi ne ƙofar shiga gida. Hagu F, dama A♭ C E♭ G. Hagu ya koma B♭, dama kuwa yatsa ɗaya tak zai sauka, E♭ ya zama D: A♭ C D G. Sannan hagu E♭, dama G B♭ D F. A tsaya a kan kod na tsakiyar nan a saurara. A♭ da D ne ke jan juna, su ne ke sa kunne ya ƙagu a sauka. Idan aka cire ɗayansu, jan ya mutu, ko da an cika sauran yatsu da sauti. Shi ya sa ƙarin sauti ba shi ne daɗin kod ba. 3 da 7 na kowane kod, in an ƙirga daga tushensa, su ne masu aikin, sauran ado ne.

Wanda 2-5-1 ya zauna masa, 7-3-6 ba zai ba shi wuya ba, domin motsin ɗaya ne, sai dai masaukin maino ne, wato kod mai sautin juyayi, kishiyar mejo. Hagu D, dama F A♭ C. Hagu G, dama F A♭ B: nan ma yatsa ɗaya ne ya sauka rabin taki, wato zuwa maɓallin da ke dab da shi. Hagu C, dama E♭ G B♭ D. Wannan B ɗin baƙo ne, ba ya cikin tsanin E♭, kuma shi ne duka sirrin jerin. Masu koyo da yawa suna jin tsoronsa su buga B♭ a madadinsa. Ba laifi ba ne ga ƙa'ida, amma kod ɗin ya zama maino mai sanyi wanda ba ya tura kowa ko'ina. B ne ke ingiza kunne zuwa C. Idan aka ɗinke jerin biyu, hagu zai taka D, G, C, F, B♭, E♭, wato 7-3-6-2-5-1, dawafin da ake ji a ƙarshen baitin waƙoƙin sujada masu tafiya a hankali.

Wuri na biyu da waƙa ke yawan zuwa shi ne 4, kuma gosfel ba ya son zuwa can kai tsaye. Yakan bi ta 5-1-4: hagu B♭, dama A♭ D♭ F, hagu E♭, dama G D♭ F, hagu A♭, dama G C E♭. Lura cewa 5 a nan maino ne, saboda an aro D♭. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin D yadda yake, sai jerin ya nufi 1 maimakon 4, mai waƙa ya isa wurin shi kaɗai. Hanya mai sauƙi ita ce hawa: hagu E♭, F, G, A♭, dama na riƙe da kod na 1 a kan E♭ da G, kod na 2 a kan F.

Komowa daga 4 iri biyu ce. Ta farko ita ce ta "Amin": A♭ C E♭, sai C ya sauka B, sannan G B♭ E♭. Ta biyu tana da ƙamshin tsohon coci: hagu A♭, sai A da dama a kan C E♭ G♭, sai B♭ da dama a kan B♭ E♭ G, sai C da dama a kan B♭ E G, a ƙarasa da 2-5-1. Kod ɗin da ke kan A gada ne, ba masauki ba. Bugu ɗaya ko biyu ake ba shi. In ya daɗe sai jama'a su ɗauka an yi kuskure.

Abubuwa uku ne ke dagula kiɗan wanda ya iya duk waɗannan. Na farko hagu. Sautuka masu kauri in suka matsu da juna a ƙasan fiyano sai su zama laka, don haka ƙasa da C ɗin da ke oktaf ɗaya (tazarar do zuwa do) ƙarƙashin na tsakiya, kada hagu ya buga cikakken kod; tushe kaɗai, ko tushe da 5, ko tushe da 7. In akwai mai gitar bes a wurin, a bar masa tushen ma, don mutum biyu a kan sauti ɗaya mai kauri ƙara ce kawai a lasifika. Na biyu feda, abin takawa da ƙafa da ke riƙe sauti. Ana ɗaga ƙafa ne a daidai lokacin da sabon kod ya sauka, a mayar da ita nan take. Wanda ya ɗaga da wuri ya bar rami, wanda ya makara ya gauraya B da B♭. Mako na farko a yi atisaye ba feda sam, yatsu su koyi haɗa kod da kansu.

Na uku lokaci, kuma shi ya fi kunyata mutum a gaban jama'a. A sa metronom na waya, manhajar da ke ƙirga bugu, a 60, kowane kod bugu huɗu. Idan jeri ya fita sau biyar a jere ba tuntuɓe, a rage zuwa bugu biyu, sannan a riƙa ƙara gudun da biyar biyar. Idan an yi kuskure kada a koma farko. A ci gaba a kama bugu na gaba, domin ƙungiyar mawaƙa ba za ta jira ba. A gwada jerin kuma a ƙidayar shida, nauyi a kan bugu na 1 da na 4, tun da tsofaffin waƙoƙin gosfel masu lilo da yawa haka suke tafiya. Rabin awa a kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar da dare. Cikin rabin awar, minti goma na ƙarshe a rera wata waƙa da aka sani da baki, a nemo inda kowane jeri zai shiga, ana kiran lambar a zuci kafin hannu ya sauka.

Maɓallin Transpose da ke jikin kibod irin su Yamaha, wanda ke sauya gida ba tare da hannu ya sauya wuri ba, yana fitar da mutum kunya ranar Lahadi, ba a musa ba. Amma ranar da mai waƙa ya hau rabin taki a tsakiyar amshi, ko aka tarar da fiyanon katako, babu abin dannawa. Hawan kansa ba wuya: ana buga 5 na sabon gida kafin a shiga. Daga E♭ zuwa E, hagu B, dama A D♯ F♯. Daga E♭ zuwa F, hagu C, dama B♭ E G.

Gida na biyu ya kamata ya zama A♭, don an riga an sa ƙafa ɗaya a ciki: 5-1-4 na E♭ shi ne 2-5-1 na A♭. Sauti ɗaya ne ya sauya a tsanin, D ya zama D♭, kuma nan yatsa zai riƙa zamewa kwanakin farko. 7-3-6 a can: hagu G, dama B♭ D♭ F; hagu C, dama B♭ D♭ E; hagu F, dama A♭ C E♭ G. Kod na ƙarshen nan hannu ya san shi, shi ne 2 na E♭. A can yana tura kiɗa gaba zuwa B♭, a nan kuwa a kansa ake sauka a huta.