Teburin Bayan Madaba'a

Sana'ata ɗab'i ce. Ina da 'yar ƙaramar madaba'a, muna buga littattafan makaranta da rasit da kalanda da ƙananan mujallu na ƙungiyoyi. Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka injin bugawa shi ne madaba'a gaba ɗaya. Mu na ciki mun san takarda in ta fito daga bakin inji, ko rabin hanya ba ta kai ba. Shafi 16 ake bugawa a jikin babban falle guda, takwas gaba takwas baya. Sai a naɗe fallen sau uku, kowane naɗi ya faɗa daidai kan alamarsa, in an kuskure rubutu ya karkace. Daga nan a jera naɗaɗɗun bi da bi, a ɗinke da waya ko a shafa gam mai zafi, a sa bango, a kai injin yanka ya datse gefe uku, a ƙirga, a ɗaure.

Shekara da shekaru a kan wani dogon tebur ake wannan aiki, can bayan shago. A da mutum shida ne a kansa. Irin aikin nan ne masana ke kira wanda ba ya buƙatar ƙwarewa. Sunan yana sosa mini rai, amma na gane nufinsu: yaro zai zo da safe bai taɓa riƙe falle ba, kafin yamma ya fara amfanuwa. Saboda haka albashin teburin kullum yana dab da mafi ƙarancin da doka ta yanka. In doka ta motsa, su ne ke ji a aljihunsu, ni kuma in ji a littafin lissafi.

Duk lokacin da aka tayar da zancen ƙarin mafi ƙarancin albashi, waƙa biyu ake rerawa. Masu kamfani su ce a ƙara a gani, za mu sayo inji mu sallami mutane. 'Yan ƙwadago su ce barazana ce kawai, an saba jin ta. To, ni dai na sayi injin, na naɗe takarda da na jera shafuka, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga yadda abin ya kasance.

Sau uku ina zama da alƙalami, shekara uku a jere, ina auna kuɗin inji da albashin mutanen tebur. Sau uku lissafin ya ƙi fita. Dillalin inji kuɗin saye kawai yake faɗa maka. Ba ya ambaton kuɗin ruwan bashin banki, da wutar da zai sha, da makaniken da sai ka jira shi kwana biyu, da bel da ƙafafun roba da ke cinyewa. Mafi girma kuma, inji aiki ɗaya ya iya. Ranar da babu naɗi, yana nan a tsaye ana biyan bashinsa. Mutumin tebur kuwa, in babu naɗi zai yi lodi, zai kai kaya, zai share, zai taya mai yanka. Ƙaramin shago kamar nawa, wanda aikinsa ke zuwa damina-damina, yana rayuwa ne da irin wannan sassauci.

Abu uku ne suka taru suka juya lissafin a shekara ta huɗu. Na farko, wani babban kwastoma ya janye mini aikinsa. Bai yi ƙorafin farashi ba, bai yi na kyau ba, cewa ya yi wani zai ba shi a kwana uku abin da nake ba shi a kwana takwas. Na biyu, manyan madaba'u suka fara sauya injinansu, na hannu suka cika kasuwa da araha. Na uku shi ne ƙarin albashi. In na ce bai taka rawa ba na yi ƙarya. Amma iyakar abin da ya yi shi ne matso da ranar. A ganina, da ba a ƙara ko sisi ba, da na sayi injin bayan shekara ɗaya ko biyu.

Wannan ya sa nake karanta muhawarar ƙasashe da kunnen ɗan kasuwa. A Amurka, mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma tun 2009 yake nan bai motsa ba. Jihohi da yawa sun ƙara nasu, wasu kuwa suna nan a kan na tarayya. Amma allon da kwastoma ke latsa odarsa da kansa a gidan abinci, da na'urar biyan kuɗi ba tare da akawu ba a manyan kantuna, ba su tsaya a iyakar jiha sun tambayi nawa ake biya ba. Sun shiga inda aka ƙara, sun shiga inda ba a ƙara ba. Amazon, babban kamfanin ciniki ta intanet, ya sayi kamfanin Kiva mai ƙera mutum-mutumin ɗaukar kaya a sito a 2012, kan dala miliyan 775, a shekarar da ma'aikatan gidajen abinci na birnin Niyok suka fara fita yajin neman dala 15 a awa. Saye ya riga yajin da watanni.

Binciken da kowa ke komawa gare shi na masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger ne. A 1992 jihar Niyu Jasi ta ɗaga nata mafi ƙarancin albashin daga dala 4.25 zuwa 5.05, maƙwabciyarta Fensilbaniya ba ta ɗaga ba. Suka bi gidajen abinci 410 a ɓangarorin biyu, kafin ƙarin da bayansa, ba su ga aiki ya ragu a inda aka ƙara ba. An yi ta jayayya a kan sakamakon, har yau ba a daina ba, amma Card ya samu lambar Nobel a 2021, kuma wannan aiki na cikin dalilan. Birnin Siyatul ya yi dokar hawa zuwa dala 15 a 2014. A 2017 aka sami bincike biyu a kai: na Jami'ar Washintan ya ce an rage wa masu ƙaramin albashi awannin aiki, na Jami'ar Kalifoniya a Bakli ya ce bai ga asarar aiki a gidajen abinci ba. Gari ɗaya, doka ɗaya, amsa biyu. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar Amurka ya yi nasa hasashen a 2019, cewa kai na tarayya dala 15 zuwa shekarar 2025 zai ƙara wa mutum miliyan 17 albashi, ya fitar da miliyan 1.3 daga talauci, ya kuma iya cinye ayyuka kimanin miliyan 1.3. Kowane ɓangare ya ɗauki layin da ya yi masa daɗi ya bar sauran.

Ban yi mamakin saɓanin ba, don na san abin da nake yi in albashi ya hau kaɗan. Ina ɗan ƙara farashi, ina rage asarar takarda, ina haƙura da wani yanki na riba. Akwai ma ribar da ba a faɗa: wanda ake biya da kyau ba ya saurin tafiya, kuma duk sabon hannu sai ya ɓata mini takarda kafin ya gyaru. Ƙarin da ke kashe ƙaramin shago shi ne mai yawa da ya faɗo dare ɗaya, bayan ka riga ka sa hannu a kwangilar shekara a tsohon farashi. Birtaniya ta fara nata mafi ƙarancin albashin a 1999 a kan fam 3.60 a awa, da hukuma ta musamman mai zama da masu kamfani da 'yan ƙwadago da masana tana ba da shawara duk shekara. Jamus ta fara a 2015 a kan yuro 8.50, an yi ta hasashen bala'i, bala'in bai zo ba.

Tarihin sana'armu ma darasi ne, domin a wurinmu inji bai fara da na ƙasa ba. Masu tsara haruffa su ne 'yan gatan madaba'a, su suka fi kowa albashi da ji da kai. Injin tsara haruffa na Linotype, ƙirar Ottmar Mergenthaler, ya fara aiki a jaridar New York Tribune a 1886, mutum ɗaya ya riƙa yin aikin mutane da dama masu tsinto haruffa ɗai-ɗai da hannu. Bayan shekara ɗari cif, a 1986, aka kai ga rikicin Wapping a Landan, inda ma'aikata fiye da 5,000 suka rasa aiki sa'ad da jaridun attajirin nan Rupert Murdoch suka koma sabon gini mai aiki da kwamfuta. Ƙwararru ne, masu ƙungiya mai ƙarfi. Abin da inji ke farauta shi ne maimaici, duk aikin da hannu ke yi iri ɗaya sau dubu. Mai share shago na nan har gobe, don sharar yau ba irin ta jiya ba ce.

Mu koma tebur. Ban sallami kowa ba, kuma na daɗe ina alfahari da haka. Biyu sun sami wani aikin suka tafi, ban maye gurbinsu ba. Ɗaya ta yi aure ta bar garin. Ɗaya na tura shi ya koyi sarrafa injin, yanzu albashinsa ya kusa ninka na da. Saura biyu suna nan suna yin abin da inji ya ƙi: ƙaramar oda wadda saita inji dominta ɓata lokaci ne, da bango mai tauri, da duba kuskure. In mai bincike ya zo da takardarsa ya tambaye ni mutum nawa na kora saboda ƙarin albashi, sifili zan ce masa, kuma gaskiya na faɗa. Abin da takardarsa ba ta da gurbinsa shi ne wannan: shekara huɗu ke nan ban ɗauki ɗan koyo ko ɗaya ba.

Ta teburin nan na shigo sana'a. Ta nan mai injin bugawata ya shigo, ta nan mai yanka ya shigo. A kan tebur ake sanin takarda. A nan hannu ke koyon cewa falle yana da jijiya, in ka naɗe shi ta inda jijiyar ta bi zai kwanta lumui, in ka saɓa mata ya tsage a ƙugu. A nan ido ke koyon gane tawadar da ba ta bushe ba tun daga nesa. Kuma a nan maigida ke gane wa ke zuwa kan lokaci, wa za a iya bar wa mukulli. Matakalar farko ce, ga shi na cire ta na bar na sama.

Ɗaya daga cikin biyun da suka rage dattijo ne, ya girme ni, ya kuma riga ni shiga sana'ar. Ranar da aka sauke injin ya tsaya yana kallonsa, hannu a baya.

"Maigida, wannan abin ni ya zo ci ko yaran?"

"Haba Baba, ba wanda zai ci. Sauƙi ya kawo mana."

"Allah ya sa," in ji shi. Bai ƙara ba.

Da sanyin ruwa ya shigo, takarda ta sha danshi, inji ya riƙa haɗiyar falle biyu-biyu yana shaƙewa. Yaron da aka koya wa ya latsa duk abin da littafin inji ya ce a latsa, a banza. Baba ya taso, ya ɗauki damin takarda, ya tanƙwara shi, ya kaɗa gefensa da babban yatsa har iska ta shiga tsakanin fallayen, ya juya damin ya mayar. Inji ya kama tafiya. Ko kallonmu bai yi ba ya koma kujerarsa. Na yi dariya a lokacin. Da dare kuwa na kasa barci, ina tunanin wa zai yi wannan in Baba ya ajiye aiki.

A muhawarar albashi ina da matsayi, kuma wasu 'yan'uwana masu shago ba sa jin daɗinsa. Ina goyon bayan a sa mafi ƙarancin albashin da ba a sauka ƙasa da shi. Mai neman aikin tebur ba shi da bakin ciniki, yunwa ce ke yi masa magana, abin da aka miƙa masa shi zai karɓa. Dokar ma kariya ce gare ni, don in babu ita, wanda ya fi kowa rashin tausayi shi zai riƙa yanka farashin kasuwa, mu bi shi ko mu rufe. Roƙona ga masu yin doka biyu ne. A sanar da wuri, a hau daki-daki, ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan a yi tunanin ɗan koyo. Birtaniya tana da albashi na daban, mai rahusa, ga masu koyon sana'a. Dabarar tana da haɗarinta, don na san akwai masu shagon da za su mayar da kowa ɗan koyo har ya yi furfura. Sai an ɗaure ta da wa'adi da shaidar cewa koyarwar ake yi da gaske. Na fi son ma a rage wa mai koyarwa haraji a bar wa yaro albashinsa cikakke.

Watan jiya wani saurayi ya tsaya a bakin ƙofa da takardar gama sakandare a cikin leda. Ya ce ko wane irin aiki ne zai yi. Na buɗe baki zan ba shi amsar da na saba bayarwa shekara huɗu, sai na hangi Baba yana kallona ta saman tabarau. Rabin teburin na nan, ɗaya rabin mun mayar da shi wurin ajiye kwali. Na ce ya riƙa zuwa kwana uku a mako, a kan cikakken abin da doka ta ce, ya zauna kusa da Baba, kada ya taɓa inji sai an ce ya taɓa. Akawuna ya duba lissafi ya ce wannan kujera ba za ta biya kanta ba. Na ce masa mu sake zama bayan an gama bugun littattafan komawa makaranta. A makonsa na farko yaron ya ɓata mini falle kusan ɗari biyu. A na uku, Baba ya miƙa masa damin takarda ya ce ya nuna masa inda jijiya ta bi, ya shafa, ya tanƙwara, ya nuna daidai.