Tikitin direba ya zaga Mile 12

Talata. Ina cikin danfo, ko Ikeja ba mu kai ba, Alhaji mai albasa na kasuwar Mile 12 ya kira ni. Masallacinmu ɗaya a Agege, shi ya sa duk abin da ya shafi kamfaninmu ni yake fara nema, ko da ba sashena ba ne. Muna gama gaisawa ya ce, "Malam, ashe direbanku gas yake sayarwa a hanya? Yarana sun gani a waya, har da takardar albashinsa." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in isa ofis." Gabana ya faɗi, don tun kafin in kunna kwamfuta na san ƙofar da zancen ya bi ya fita.

Aikinmu jigila ne, ni kuma ni ke kula da kwamfutocin kamfanin. Tireloli su ɗauko kaya daga Arewa su sauke a Legas, su yi lodi a Apapa su juya. Ƙorafin kwastomomi da na ma'aikata duk a manhaja ɗaya muke karɓa, Jira Service Management ta kamfanin Atlassian na Ostareliya, wadda kafin 2020 ake kira Jira Service Desk. Kowane ƙorafi ya shigo, sai ya zama tikiti mai lamba. Makon jiya motar da ta ɗauko wa Alhaji albasa daga Aliero ta makara, kaya suka fara lalacewa, ɗansa ya aiko da imel yana neman bayani. Haƙƙinsu ne. To sai mutanen sashen sufuri suka mai da tikitin nan majalisa. Wannan ya rubuta cewa motar ta daɗe a tsaye tsakanin Mokwa da Jebba, wancan ya ce gas ɗin da aka sha ya zarce lissafi, mai kula da albashi kuma ta liƙa takardar albashin direban da hoton lasisinsa, wai don a duba ko an taɓa yankar masa kuɗi.

A ƙasan kowane tikiti wurin rubutu biyu ne, maƙwabtan juna. Ɗaya amsa ce ga kwastoma, ɗayan bayanin cikin gida ne mai alamar kwaɗo, wanda ma'aikata kaɗai ke gani. Yawancin hirar a na cikin gida aka yi ta, amma zancen gas ɗin da takardun ta wurin amsar kwastoma suka bi. Ƙari a kan haka, an haɗa ɗan Alhaji da sauran yaran shagon a rukunin kwastomomi guda, kuma saitinmu yana raba sabon tikiti ga duk 'yan rukuni kai tsaye. Kowannensu ya samu imel. Kafin azahar ɗin jiya, in ji Alhaji, har masu sauke buhu sun ji.

Shugaban sashen sufuri, mutumin Katsina ne mai saurin hawa, ya same ni tun ban ajiye jaka ba. "A kulle komai! Kada wani na waje ya sake ganin tikiti ko ɗaya." Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka yi haka, mai albasa ya daina ganin ƙorafinsa ke nan. Gobe a bakin get za ka same shi da yaransa." Abin da ke hana waɗannan 'yan kasuwa kiranmu dare da rana shi ne suna buɗe waya su ga an karɓi kukansu, an kai shi wurin wane, ana kan aiki. A ganina jinkirin motarmu ba sirri ba ne a wurin wanda kayansa suka ruɓe. Sirri shi ne mutuncin dattijon direban da ake zargi alhali ba a ko tambaye shi ba. Ya yi shiru, ya ce in yi yadda na ga ya dace amma kafin la'asar.

Na fara da sharar abin da ya zube: na goge bayanan nan daga tikitin Alhaji bayan na kwafe su, na cire takardun. Wannan ya share su daga shafin da kwastomomi ke shiga, amma imel ɗin da ya riga ya tafi yana nan a wayoyinsu. Magana zarar bunu ce.

Sai ainihin aikin. Mutane suna ɗauka maɓalli ɗaya ake dannawa tikiti ya ɓuya, alhali abubuwa ne daban-daban da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ke iya shiga sashen aikin gaba ɗaya, wato rumbun da tikitocin suke a cikin manhajar, wannan tsarin izini ne ke yanke shi. Akwai wanda ke ganin wani tikiti takamaimai, wannan kuma matakin tsaro ne. Na ƙirƙiri tsarin tsaro, a ciki na sa mataki mai suna "Cikin gida kawai", na ɗaura shi a kan sashen. Ban zuba sunayen mutane ɗai-ɗai ba, rukuni na sa, na ma'aikatan bincike da na kula da ma'aikata, domin a nan Legas yau mutum yana tare da kai, gobe ya samu wurin da ya fi a Lekki ko ya yi waje, ba wanda zai tuna ya cire sunansa. Matakin tsaro ba ya kunyar kowa. In ba ka cikin waɗanda aka lissafa, ko kai ne admin, mai kula da manhajar, tikitin ya ɓace maka, ka neme shi da lambarsa ma ba za ka gan shi ba. Don haka rukuninmu na masu kula da manhajar na fara sawa kafin in taɓa komai. Haka nan wanda ya shigar da tikitin da kansa, in ba a sa shi a matakin ba, shi ma an rufe masa. Ƙananan ayyukan da aka rataya a ƙarƙashin tikiti suna gadon matakin uwarsu, wannan ya rage mini wahala. Izinin sauya matakin kuwa shugabannin sashe kawai na bar wa.

Dabarar da na tsaya a kai mai sauƙi ce: magana biyu, tikiti biyu. Na Alhaji yana nan a buɗe gare shi, zancen jinkiri da diyya kawai. Na buɗe wani daban don binciken gas, na sa masa mataki na cikin gida, ma'aikacinmu ne mai shigar da shi, na haɗa su biyun ta yadda mai aiki zai iya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Wani ya ba ni shawara in bar gurbin nau'in buƙata fanko kawai, tunda tikitin da ba shi da nau'i ba ya fitowa a shafin kwastomomi. Gaskiya ne ba ya fitowa, amma ranar da wani mai son gyara ya cike gurbin, shi ke nan. Ban yarda da kullen da ya dogara ga mantuwa ba. Na kuma kashe rabawa kai tsaye ga 'yan rukuni, na taƙaita wanda zai iya ƙara wani a tikiti, domin wanda aka sa a kwafin imel yakan zama ɗan cikin tikitin, ya riƙa samun duk amsar da aka tura.

Ɗan bautar ƙasar da ke tare da ni, yaron Gombe, shi na mayar kwastoma. Ya shiga da asusun gwaji a wayarsa, ina rubutu yana faɗa mini abin da ya iso. "Oga, wannan ya shigo. Wannan shiru. Na sa lambar ɗayan, ya ce ba ni da izini." Haka muka yi ta yi har wuta ta ɗauke, muka jira janareta, muka ƙarasa. Abinci sai bayan la'asar, shinkafa da wake a wurin mai abincin bakin titi.

Akwai kuma doka, wadda na tuna wa manya a rubuce. Tun watan Yunin 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar NDPC da ke kula da ita. Albashin mutum da lasisinsa bayanansa ne na ƙashin kai, kuma in irin wannan fallasa na iya cutar da mai bayanan, dokar ta ba da awa 72 a sanar da hukumar daga lokacin da aka gano. Ko namu ya kai wannan matsayi, lauyan kamfani ne zai faɗa. Na tura masa lokacin da abin ya fita da jerin waɗanda suka karɓa.

Da zan fita na tarar da direban a benci kusa da masu gadi, hula a gwiwa, carbi a hannu. Ya girmi mahaifina. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, an ce kai ne mai kwamfutar. Ni ban hana a bincika ba. Taya biyu suka fashe mini bayan Mokwa, rasit na nan a aljihuna. Amma da wane ido zan shiga Mile 12?" Na ce, "Baba, a kai rasit ɗin sama gobe da safe, a sa a cikin fayil." Na ɗauki hotonsa da izininsa, na koma na liƙa a tikitin binciken.

Bayan isha'i ina duba waya, sai ga hoton allon tikitin nan na cikin gida, wanda na yini ina kullewa, a zauren WhatsApp na ma'aikata. Ɗaya daga cikin masu izinin gani ne ya ɗauka ya tura, yana tambayar ko an ga rasit. A zauren akwai direbobi, da makanikai, da wasu ma da suka bar aiki tun bara ba a cire su ba. Na kira shi ya goge nan take, na kuma rubuta wa shugaban sufuri cewa a taron gobe ina son minti goma, kuma a ba ni ikon tace 'yan zauren.