Tarihin Rayuwata, Kashi Na Bakwai: Ruwa Ke Tashi, Gishiri Yana Nan

Makon jiya na tsaya ne a ranar da na ɗora tankin gilashin da zan raini murjani da kifin teku a cikinsa a kan teburinsa, babu komai a ciki sai farin yashi da 'yan duwatsu. Lita 60 yake ci. Ƙanƙantarsa ce ta ja ra'ayina, don a tunanina ƙaramin abu ya fi sauƙin riƙo. A yau zan kawo muku abin da ya faru a watanni ukun farko, har da kuskuren da ya kusa raba ni da duk abin da na sa a ciki.

Da ruwa na fara. Ruwan famfo ba ya yi, ko da kuwa mutum yana shansa lafiya lau. Akwai kilorin da ake zuba masa don kashe ƙwayoyin cuta, akan samu fosfet da silika waɗanda gansakuka ke ƙiba da su, idan kuma bututun na jan ƙarfe ne, ɓurɓushinsa kan biyo ruwan, alhali jan ƙarfe guba ne ga murjani da dodon koɗi da jatan lande. Don haka na haɗa na'urar tace ruwa mai suna RO/DI, wadda ke matse ruwa ta cikin wata siririyar fata har sai ma'aunin datti ya nuna sifili. Ɗigo-ɗigo take zubarwa, bokiti guda sai ya cinye sa'o'i. Gishirin ma ba na girki ba ne, haɗi ne na musamman mai ɗauke da kalshiyam da magniziyam da sauran ma'adinan teku. A kowane kilo na ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, shi ya sa lambar da ake nema a ma'aunin gishiri ita ce 35, ko 1.026 idan da awon nauyi ake yi. Nakan zuba gishirin a bokiti, in jefa ƙaramin injin motsa ruwa ya kwana yana juyawa, da safe in ɗiga ɗigo biyu a kan gilashin ma'aunin, in ɗaga shi wajen haske in leƙa. Ban taɓa zuba ruwan bokitin nan a tanki ba sai na ga ya tsaya cak a kan 35. Ku riƙe zancen bokitin nan, za mu dawo gare shi.

Bayan na cika tankin na kunna hita da injin da ke kaɗa ruwa, sai aka shiga jira. Wannan jiran shi ne abin da yawancin sababbin shiga ba sa iya daurewa. Kifi yana fitar da ammoniya ta gaɓar numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya ƙona gaɓar numfashin kifi. A teku faɗin ruwa ke shanye ta. A cikin lita 60 kuwa babu mai kawar da ita sai bakteriya: wani jinsi ya mayar da ammoniya nitirayit, wanda shi ma ba a son ganinsa, wani jinsin ya karɓa ya mayar da shi nitiret, mai sauƙin illa, wanda ake rage shi ta hanyar canjin ruwa. Waɗannan bakteriya a ramukan duwatsu da cikin yashi suke kafa gida, kuma yawanci sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Na jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe don su samu abin farawa, na riƙa gwada ruwan duk bayan kwana biyu da 'yan kwalaben gwaji. Ammoniya ta hau, ta sauka. Nitirayit ya bi sahu. A mako na biyar dukansu biyu suka koma sifili.

A tsawon wannan lokaci 'yar autata ba ta fashin tambaya. Tana dawowa daga makaranta za ta manna fuska a gilashin ta ce, "Baba, yau ma kifin bai zo ba?" Nakan ce mata akwai masu rai a ciki, ido ne ba ya ganinsu, su ne ke share wa kifin gida. Mahaifiyarta kuwa, wata rana da ta same ni zaune ina kallon duwatsun da dare, cewa ta yi, "Malam, an ce mai haƙuri shi ke dafa dutse. Allah Ya sa ka sha romon." Na ce amin, kuma har zuciyata na faɗa.

Kafin a kai ga romon sai da tankin ya yi muni. Wata ƙura-ƙura mai launin ƙasa ta rufe yashi da gilashi, irin gansakukar da ke cin silika, wadda kusan kowane sabon tanki sai ya yi ta. Na sa dodon koɗi guda biyar irin na teku, suka bi gilashin suna lashewa suna barin farar hanya a bayansu. Su ne baƙina na farko.

Sai murjani. Yawancin mutane in aka ce murjani, jan dutsen ado ke zuwa musu a rai, ni ma da haka na girma. Amma murjani dabba ce. Kowane guntu tarin ƙananan halittu ne, kowace da bakinta a tsakiya da 'yan yatsu kewaye da shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a cikin namansu akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya da ke zaune tare da su. Ita ke karɓar haske ta sarrafa sukari, ta ba murjanin mafi yawan abincinsa, shi kuma ya ba ta mafaka. Shi ya sa fitilar tanki ba ado ba ce, akushin abincinsu ce. Idan murjani ya shiga takura, musamman ta zafi, sai ya kori baƙuwar tasa, ya koma fari fat, in abin ya daɗe ya mutu da yunwa. Digiri ɗaya kacal a kan zafin da ya saba da shi, in ya ɗore na makonni, ya isa. Haka ya faru da babban shingen murjani na gaɓar Ostireliya a 1998 da 2002, ya sake faruwa a 2016 da 2017, ya kuma maimaitu a 2020 da 2022 da 2024. Tun da na san wannan na ƙudura cewa ba zan sa abin da aka ɓamɓaro daga teku a tankina ba, sai wanda aka raina a tankin wani aka yanko mini reshe. Murjani masu ƙashin dutse ma suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ba a tsallaka iyaka da su sai da takardar izini.

Rassan nawa daga wurin wani dattijo na samo su, mutumin da ya daɗe yana wannan harka tun kafin fitilun LED su yawaita. Masu laushi ya zaɓar mini, waɗanda ke jure hannun ɗan koyo: Discosoma guda biyu, masu kama da faifai, ɗaya ja ɗaya shuɗi, da wani ɗan dutse mai ɗauke da Zoanthus kamar goma sha biyu, kowanne kamar ƙaramin maɓalli kore mai ruwan lemo a tsakiya. Da zai miƙo mini dutsen sai ya riƙe hannuna ya ce in sa safar hannu da tabarau duk lokacin da zan taɓa shi, kada kuma in kuskura in tafasa dutsen tanki ko in goge shi a busasshe, domin wasu daga cikin dangin wannan murjanin suna da dafi mai tsanani da ke iya kwantar da mutanen gida gaba ɗaya ta numfashi. Ban taɓa saɓa wannan gargaɗi ba.

Kwana uku na farko sun yi kyau ƙwarai. Da fitila ta kunnu sai maɓallan nan su buɗe ɗaya bayan ɗaya, faifan kuma su miƙe su yi faɗi. Saboda zafin ɗakin na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan don ya tsaya tsakanin digiri 25 da 26. Fankar ta yi aikinta, amma ruwan ya riƙa raguwa, kusan lita guda kullum. Ni kuwa kowace yamma sai in ɗebo daga bokitina, ruwan da na auna da hannuna na tabbatar yana kan 35, in cike gurbin.

Wajen kwana na bakwai Zoanthus suka daina buɗewa sosai. A kwana na tara faifan suka tsuke suka yi yamutsa, dodon koɗi biyu suka faɗo daga gilashi suka kwanta rigingine. Na gwada ammoniya, sifili. Nitirayit, sifili. Zafi daidai. Na rage haske, babu sauyi. A daren kwana na goma na kasa barci, na fito na zauna gaban tankin ina kallon halittun da aka damƙa mini suna lafiya suna ƙanƙancewa a hannuna, ban san laifina ba. Gari na wayewa na kira dattijon.

Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya ce, "Gishirin fa, nawa yake nunawa?"

Na ce, "35, Malam. Kullum sai na auna kafin in zuba."

"Na bokiti ko na tanki?"

Na yi shiru.

"Ɗana, ruwan da ya ƙafe, da me kake mayar da shi?"

"Da wanda na haɗa, Malam."

Ya ce, "To ka ga matsalar. Ruwa ke tashi, gishirin yana nan inda ka bar shi. Je ka auno na tankin, ina kan layi."

Hannuna na rawa na ɗiga ruwan a ma'auni. Layin ya tsaya a kan 42. Bahar Maliya, da ake misali da ita wajen gishiri, a wajen 40 take. Lissafin a fili yake da zarar an gane shi: in ka cire duwatsu da yashi, ruwan da ke tankin bai wuce lita 50 ba, ni kuma kullum ina ƙara masa giram 35 na gishiri ba tare da ko ƙwaya ɗaya ta fita ba. Cikin kwana goma na tara masa giram 350. Kuma idan gishirin waje ya fi na cikin jiki yawa, zuƙe ruwan jikin halittar yake yi. A tsakiyar ruwa suke, amma ƙishirwa ce ke kashe su. Da tankin mai lita 400 ne, wannan kuskuren zai ɗauki tsawon lokaci kafin ya yi ɓarna, wataƙila in farga kafin nan. A ƙarami kuwa babu inda kuskure zai ɓuya.

Niyyata in tuttula ruwa marar gishiri nan take in dawo da shi 35. Ya hana ni. Ya ce a hankali suka hau, jikinsu ya ɗan saba, in na sauke su a rana ɗaya zan ƙarasa abin da ya rage. Ya umarce ni in riƙa kwashe ɗan ruwan tankin ina mayar da tataccen ruwa zalla, kada saukar ta wuce lamba ɗaya a yini. Haka na yi. Kowace safiya in auna, in kwashe lita ɗaya da 'yan kai, in mayar da tataccen a hankali kusa da injin don ya gauraya, da yamma in sake aunawa. 41, 40, 39. Dodon koɗin biyu ba su tashi ba, na cire su kafin su ɓata ruwan. Cikin Zoanthus ɗin, biyar sun narke suka bar gurbinsu a dutse.

A cikin makon nan ne na kafa tsarin da nake bi har yau. Na manna ɗan tef a gefen gilashi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya, duk abin da ya ragu ƙasa da shi da tataccen ruwa nake cikewa, daga baya ma na sa na'ura mai tulluƙi a saman ruwa da ke yin hakan da kanta. Ruwan gishiri kuwa sai ranar canji, sau ɗaya a mako, in zuƙe lita biyar da tiyo in mayar da biyar, tunda a nan gishirin ma fita yake tare da ruwan. Bokitai biyu nake da su yanzu, kowanne da rubutu ɓaro-ɓaro a jikinsa. Na kuma buɗe littafi ina rubuta awon tankin kansa: gishiri, zafi, nitiret, kalshiyam da nake so tsakanin 400 da 450, magniziyam wajen 1,300, alkaliniti, wato ƙarfin ruwan na danne tsami, tsakanin 8 da 9. Fitila awa takwas, ba ƙari. A ganina wannan littafin ya fi kowace na'ura da na saya amfani, domin lamba ɗaya ba ta faɗa maka komai, jerin lambobin mako uku ne ke nuna inda ruwan ya dosa.

Ranar da ma'aunin ya dawo 35 babu abin da ya canza a ido. Washegari ma haka. A rana ta uku ina cikin ɗaki na ji 'yar autar tana ƙwala kira, "Baba! Baba, zo ka gani, jan ya buɗe!" Na fito da sauri. Jan faifan ya miƙe ya kai faɗin tafin hannunta, gefensa na kaɗawa a hankali da motsin ruwa. A kan ɗan dutsen kuma, cikin bakwai ɗin da suka rage, huɗu sun buɗe korayen fuskokinsu. Mahaifiyarta ta fito ta tsaya a bayanmu, mu uku muka daɗe a wurin ba mai magana.

Sai da na ƙara mako uku ina kallon lambobin sun tsaya wuri ɗaya kafin na yarda na kawo kifi. Guda biyu ne, ƙanana, masu ruwan lemo da fararen ratsi uku, irin da ake kira Amphiprion ocellaris, waɗanda aka ƙyanƙyashe a tanki. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin yadda ɗayansu ya girma ya rikiɗe ya zama mace, da daren da wutar lantarki ta ɗauke injin ruwa ya tsaya.